Wofa Dramani da Ƙwan Fitilar da Ya Ƙi Kamawa

Shekara talatin da uku Wofa Dramani ya yi yana buɗe ɗakin gwaje-gwajen makarantarmu da ƙarfe shida da rabi na safe. Daga masallacin unguwarsu a Buokrom yake wucewa, ya tsaya wajen mai koko ya sha a tsaye, ya hau trotro, motar haya, ya sauka a bakin titi ya ƙarasa da ƙafa. Kafin ɗalibin farko ya shigo, ya buɗe tagogi, ya yi shara, ya fito da akwatin batura yana auna su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya yi rauni ya ware shi gefe ya sa masa alama da alli. Daga nan ya zauna a kujerarsa ta katako da guntun samfefa yana goge bakin wayoyi, domin damshin Kumasi ba ya ƙyale ƙarfe, in aka bar waya kwana kaɗan sai tsatsa ta hana wuta wucewa. In an kaɗa ƙararrawa, malamin fiziks ya shigo ya tarar da komai a jere kan tebur, sai dai ya ɗauki alli ya fara darasi.

Malamin fiziks ɗin nan ni ne, shekara goma sha takwas ke nan. Sunana Shakiru, yara suna ce mini Masta. Da Wofa ya cika sittin ya ajiye aiki a watan jiya, ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta ce ni zan rubuta jinjinarsa a mujallarta, tunda na fi kowa daɗewa tare da shi. Ba su san wanda suka ba aikin ba. Ban taɓa yi wa wani ɗan Adam hassada irin wadda na yi wa mutumin nan ba, kuma ba zan iya yabonsa da gaskiya ba sai na fara faɗin wannan.

A takarda Wofa ba malami ba ne, mai kula da kayan gwaji ne. Iyayensa daga wajen Salaga suka zo, mahaifinsa yana gyaran rediyo a wata rumfa a Aboabo, a gabansa ya koyi riƙe waya, kuma karatunsa bai wuce makarantar midil ba, bai shiga sakandare ba. Wofa da harshen Twi na Asante kawu ke nan. Yaran Asante na makarantar ne suka laƙa masa sunan, yaran Zongo suka karɓa, har shugabar makaranta da shi take kiransa. Ni kuwa na zo da digiri da taye, jikan fataken goro ne da aka san gidansu a Zongo. Ranar farko da na ji Hausarsa, wadda ba ta raba mace da namiji, sai da na yi dariya a zuci.

A shekarata ta biyu na koyar da da'irar lantarki ga 'yan aji biyu. Na zana musu haɗin jere, inda ƙwayayen fitila ke bin juna a kan waya ɗaya, na zana haɗin rassa, inda kowane ƙwai yake da tasa hanyar zuwa batir. Na cika allo da lissafi, kuma lissafina babu kuskure. Yara suka kwafe tsaf. Sai wata yarinya mai suna Farhana, wadda ke zama a teburin gaba, ta ɗaga hannu ta tambaya me ya sa in ƙwai ɗaya ya mutu a haɗin jere duk sauran suke mutuwa, amma a haɗin rassa ba haka ba. Na nuna mata allo na ce amsar tana cikin lissafin, ta sake karantawa. Ta ce to, ta sunkuyar da kai.

Da aka fita hutun rana na koma ɗaukar jakata, na hango ta a kusurwar Wofa. Ya ciro wani falankin katako daga ƙarƙashin tebur, wanda ya kakkafa wa ƙusoshi, ya ɗaura ƙwayayen tsofaffin tocila da wayoyin da ya tsinto wajen makanikan Suame. Bai yi mata bayani ba. Cewa ya yi ta ɗora yatsa a bakin batir, ta bi waya har ta dawo ɗaya bakin. Ta bi. Ya kwance ƙwai ɗaya ya ce ta sake bi. Yatsanta ya zo inda ƙwan yake ya tsaya, babu wurin wucewa. Ya juyo mata ɗaya gefen falankin, mai rassa, ya kwance ƙwai ɗaya, ta bi da yatsa ta ga akwai wata hanyar, sauran kuma suna nan a kunne. Na ji ta ce ashe shi ya sa in ƙwan ɗakin Mmansu ya ƙone na ɗakinsu ba ya mutuwa. Wofa ya juyo ya gan ni a bakin ƙofa, fuskarsa cike da murna, ya ce, "Masta, yarinyar nan ya gane sosai paa."

Minti biyar ya yi abin da na kasa a darasi biyu. Na yi murmushi na ce madalla, na fita zuciyata tana tafasa.

Tun daga ranar kalma uku suka addabe ni: Wofa ya ce. In na tambayi yaro daga ina ya samo amsa, Wofa ya ce. In na yi gyara a littafi, amma Masta, Wofa ya ce. Ni suna miƙe mini tsaye su gaishe ni da Turanci, shi kuwa su kewaye shi suna tsokanarsa yana korarsu da tsumma. Falankin nan ya zama goma sha huɗu, duk shi ya ƙera su a gida. Bayan Babbar Sallah na ga yara suna ajiye masa ƙunshin soyayyen nama a kan taga, ni kuma aka ce mini barka da Sallah. Ba naman nake so ba, a gidanmu ma an yi yanka. So nake a ce ni ma wani yaro ya tuna da ni yana gaban kaskon uwarsa.

A shekara ta uku na zauna na rubuta wa shugabar makaranta wasiƙa. Na ce mai kula da kaya yana koyarwa ba tare da takardar shaida ba, yana rikita yara, kuma falankansa na gida ba su da tabbas, za su iya jawo haɗari. Na san batir biyu na tocila ba za su kashe ko ƙuda ba, amma na rubuta. Na liƙe ambulan, da yake shi ake aike ofis, shi na miƙa wa ya kai. Ya karɓa da hannu biyu.

Shugabar ta kira shi ta ce daga yau ya shirya kaya kawai, bayani na malami ne, falankan kuma su bar makaranta. Bai yi musu ba. Ranar Juma'a ya ɗaure su da igiya, ya tsayar da tasi ya tafi da su gida. Ranar Litinin na shigo ina jiran in ga fushi, sai na tarar da teburina ya fi kullum tsari, ya gaishe ni kamar yadda ya saba, har ya tambaye ni jikin mahaifiyata. Da ya ɗaure mini fuska da na sami sauƙi.

Wata biyu bayan haka aka aiko mai duba malamai daga ofishin ilimi. Ƙarin girmana ya rataya a kan darasin da zai gani. Na zaɓi gwajin da na fi sani: batir, makunni, ƙwan fitila, da mita biyu. Ga wanda ya manta karatunsa, amita yana auna yawan wutar da ke gudana, don haka cikin layin wayar ake sa shi, wutar ta ratsa shi. Boltmita kuwa ƙarfin turin wutar yake aunawa, a gefe ake rataya shi, ya kama baki biyu na ƙwan. Mitocin makarantarmu kamarsu ɗaya, baƙaƙe ne masu allura, harafi ɗaya ne ya raba su. Don in burge baƙo na ce Wofa ya koma baya, da hannuna zan haɗa.

Yara arba'in da biyu suka yi tsit. Baƙon yana zaune a gefe da fayil a cinyarsa. Na haɗa wayoyi ina zuba Turanci, na danna makunni. Ƙwai bai kama ba. Na sake dannawa. Na murɗa ƙwan, na canza batir, na ce wataƙila waya ce ta yi tsatsa, alhali na san babu wayar da ke tsatsa a ɗakin nan. Gumi ya jiƙe mini wuyan riga. Baƙon ya cire murfin alƙalaminsa. Na kalli teburin ban ga komai ba, idona ya rufe. Abin da na yi shi ne na juya mitocin, na sa boltmita cikin layi, shi kuwa da ƙyar yake barin wuta ta wuce, na rataya amita a gefe. Kuskuren da nake zare wa yara maki a kansa kowace shekara.

Sai na ji takunsa a bayana. Wofa ya zo da tsumma a hannu, ya rusuna, ya yi magana da ƙarfi yadda baƙon zai ji.

"Masta, gafara. Laifina ne. Da safe na juya maka mita, na hagu na sa shi dama. Ka saba yadda nake ajiyewa."

Yana magana hannunsa yana aiki. Kafin ya rufe baki ya sauya su, ya ja da baya, ya bar mini makunnin. Na danna, ƙwai ya kama, allurai biyu suka tashi. Na kuwa buɗe baki na ce masa a gaban kowa nan gaba ya riƙa kula. Ya ce to, Masta.

Bai juya komai ba. Kowane mita yana inda ya saba ajiye shi, har da alamar alli a gabansa. Na sani, shi ma ya sani. Da na ɗago kai na ga Farhana a teburin gaba tana kallona, ta kawar da ido.

Baƙon ya rubuta cewa malami ya nuna natsuwa a gaban sakacin ma'aikaci. Ni aka ƙara mini girma. Wofa aka sa masa takardar gargaɗi a fayil.

Kai ne ka tsaya a gaban yara arba'in da biyu ka ɗauki kuskuren mutumin da ya kai ƙararka, Wofa. Kai ne ka karɓi faɗan da ya kamata a yi mini, ka ce to. Ina so masu karatu su san abin da na ji a ranar, don su san girman abin da ka yi da ƙanƙantar wanda ka yi wa. Ban ji godiya ba. Haushi na ji. Da ma ka fi ni hannu, ka fi ni farin jini wajen yara, yanzu kuma ka fi ni hali, kuma wannan ba abin da zan rubuta wa shugaba wasiƙa a kansa ba ne.

Bayan kwana uku na same shi shi kaɗai yana naɗe wayoyi, na tambaye shi me ya sa ya yi haka. A raina ina fata ya ce don ya kunyata ni ne, in sami dalilin ƙinsa. Ya ci gaba da naɗinsa ya ce in yara suka ga malaminsu ya faɗi a gaban baƙo, ba za su ƙara yarda da abin da ya rubuta a allo ba, kuma abin da nake rubutawa daidai ne, shi suke bukata a jarrabawa. Sa'an nan ya ce yana da roƙo. Shekara da shekaru yana gani da idonsa cewa in ya ƙara reshe a da'ira batir yakan fi saurin ƙarewa, hannunsa ya san haka, amma bai san lissafin ba. Yakan tsaya a baya yana kallon allona, ina saurin sharewa. Ko zan koya masa?

Ranar na ji daɗi irin wanda ban taɓa ji ba, ashe akwai abin da nake da shi da yake nema. Muka zauna bayan la'asar kwana biyu, na nuna masa dokar Ohm, na nuna masa yadda turjiyar da wuta ke fuskanta ke raguwa in hanyoyi suka yawaita. A rana ta biyu ya karɓi allin ya maimaita mini da nasa kalmomin, ya fi nawa sauƙi nesa ba kusa ba. Na koma gida ban iya cin abinci ba.

Na je wurin shugabar makaranta na ce na sake tunani, falankan ba su da haɗari, a bar shi ya riƙa taimaka wa yara. Ta amince. Amma ban ce komai a kan mitocin ba. Sau biyu aka zo ƙarin girman ma'aikata, sau biyu aka buɗe fayil ɗinsa aka ga takardar nan aka tsallake shi. Duk sau biyun ina cikin ofishin malamai ana maganar, na sunkuya a kan littattafan da nake makawa. A matakin da na same shi, a nan ya yi ritaya.

Rabin falankan kawai ya dawo da su. Sauran suna gidansa, domin a watannin da aka hana shi magana yaran sun bi shi can. Matarsa Mamuna ta gaya mini tun daga lokacin ba ta ƙara samun tsakar gidanta ranar Asabar da safe ba, sai ta kwashe wanki ta ba su wuri. Yaran makarantarmu suna zuwa, na wasu makarantu suna zuwa, har 'yan koyon aikin wayar lantarki da ba su taɓa shiga sakandare ba. Bai taɓa rubuta sunan kowa ba, bai san adadinsu ba.

Ranar walimar sallamarsa aka ga adadin. Zauren taro ya cika har waje. Wani tsohon ɗalibi mai suna Abdul'aziz, wanda yanzu yake haɗa wutar gidaje a Krofrom, ya tashi ya ce sau da yawa masu gida sukan matsa masa ya cire fiyus ya ɗaura waya mai kauri don wuta ta daina yankewa, shi kuwa ba ya yarda ko za a kore shi daga aikin. Ya ce Wofa ya taɓa sa su kallon siririyar waya tana ja tana tsinkewa a kan falanki, ya ce musu gara ita ta ƙone da gida ya ƙone. Farhana ta zo daga Accra, injiniya ce yanzu, tana kula da na'urorin asibiti. Ta ce har yau in na'ura ta ƙi aiki, kafin ta buɗe littafi sai ta bi wayar da yatsa. Mutum goma sha ɗaya suka yi magana, na ƙirga. An ambaci sunana sau ɗaya, a jerin waɗanda aka gode wa don sun shirya kujeru. Ina zaune a babban tebur ina tafi, kuma wallahi tsohon ciwon nan yana nan yana cina, ni da furfura.

Da aka tashi Farhana ta zo ta gaishe ni har ƙasa, ta tambayi iyalina. Da za ta tafi ta rage murya ta ce, "Masta, na ji kai za ka rubuta. Ni ce a teburin gaba ranar." Ta yi sallama.

Na rubuta wa ofishin ilimi bayanin abin da ya faru, na sa hannu, na kai da kaina. Sun ce za su duba, ba su yi mini alkawarin komai ba, shekara goma sha shida ta wuce. Sa'an nan na rubuta wannan, na ɗauka na tafi Buokrom ranar Lahadi da hantsi. Na same shi a ƙofar gida ya kwance cikin wata fanka ta maƙwabta. Na karanta masa tun daga farko, har wasiƙar, har mitocin, har ƙarin girman. Bai katse ni ba. Mamuna ta kawo ruwa ta tsaya a bakin ƙofa, da na zo wurin ƙarin girman ta juya ta shige ciki, kuma ban ga laifinta ba.

Da na gama na nemi gafararsa. Ya ce maganar ta wuce tun tuni, ƙarin girman ya yi masa ciwo a lokacin, ba zai ɓoye mini ba, amma ya kai wa Allah ya bari a can. Ya sa sukudireba a aljihu ya dube ni.

"Amma kada ka buga wannan, Masta. Kana da yara a aji. Za su karanta, su raina ka."

Na ce masa a'a. Ya yi ta roƙo na ƙi. Shekara goma sha shida yana rufa mini asiri, wannan karon ban bar shi ba, kuma shi ne abu ɗaya da na taɓa yin nasara a kansa.

Na gode, Wofa Dramani, mai hannun albarka, kawun yaran kowa. Na gode da teburin da na tarar a shirye kowace safiya, na gode da yaran da ka fahimtar aka ce ni na koyar, na gode da ranar da ka ce to. Allah ya ba ka lafiya da tsawon rai, ya saka maka da matsayin da babu fayil ɗin da zai tare shi.

Ku matasan Zongo masu sana'ar hannu, ku yi koyi da shi, abin da kuka iya kada ku jira takarda kafin ku koya wa na bayanku. Ku kuma 'yan'uwana malamai da duk mai kujera a ofis, ku waiwaya ku dubi wanda ke shirya muku wuri kafin ku iso. In kun ga ya fi ku, zuciyarku za ta yi zafi, ba zan yi muku ƙarya ba, tawa har yau ba ta huce ba. Ku bar zafin a cikinku, kada ya kai hannunku ga alƙalami. Litinin ɗin da za ta biyo bayan fitowar mujallar zan shiga aji, yara sun riga sun karanta wannan, zan tsaya a gabansu su kalle ni yadda suka ga dama.